Hawan Duwatsun Shere Don Ganin Furannin Farkon Damina: Tambayoyi da Amsoshi

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa a kan Jos, ƙasa kuma ta sha ruwa biyu ko uku, mukan tara ɗan ƙaramin ayari mu hau duwatsun Shere don ganin furannin da ba sa fitowa sai a wannan ɗan tsakanin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu son zuwa suka fi yi mana. A daure a karanta su duka kafin a ce a sa suna, musamman maganar tono da ta tsawa.

Wace irin tafiya ce wannan? Hawan dutse ne ko yawon kallon fure?

Duka biyun ne, amma furen ne a gaba. Wanda burinsa ya taka ƙololuwa ya ɗauki hoto ya sauko kafin rana ta take, akwai masu hawan motsa jiki da yawa a Jos, zai fi jin daɗinsu. Mu tafiyarmu ta sannu ce. Mukan yi rabin awa a gindin dutse guda, wasu a tsugune, wasu a durƙushe, ana kallon abin da bai kai tafin hannu ba. Wata rana mu kai sama, wata rana furanni su tsare mu a gangare har lokacin juyowa ya yi, kuma ba ma ɗaukar wannan a matsayin faɗuwa.

Ina ne duwatsun, kuma yaya tsayinsu yake?

Suna gabas da birnin Jos, tafiyar kilomita goma ko kusa da haka, ta wajen Lamingo. Birnin kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai kimanin mita 1,829, ita ce mafi tsayi a tudun Jos gaba ɗaya. A nan ne makarantar horar da jagoranci ta gwamnatin tarayya take, wadda mutane suka fi sani da Man O' War, don haka wasu hanyoyin tsofaffi ne da aka daɗe ana bi.

Wannan tsayin shi ne sirrin wurin. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri shida, ga ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Shi ya sa tsiron da zai wahala a Bauchi ko Kano yake samun mafaka a tsagar dutse a nan. Daga wannan tudun ne kuma ruwa yake rabuwa: kogin Kaduna ya nufi Neja, Gongola ya nufi Binuwai, Dilimi ya gangara arewa maso gabas ya bi hanyar tafkin Chadi.

Me ya sa sai farkon damina? Ai da tsakiyarta daji ya fi kore.

Ya fi kore, gaskiya ne, kuma koren ne yake rufe su. Yawancin furannin da muke nema suna da albasa ko saiwa mai kauri a ƙarƙashin ƙasa. Wannan albasar ita ce rumbunsu: abin da ganye ya tara daminar bara, a can yake ajiye, ya kwana cikin hunturu da ƙunar daji da zafin bazara ba tare da an ga ko alamar tsiro a sama ba. Da ruwan fari ya jiƙa ƙasa, sai su buɗe rumbun su yi fure cikin 'yan kwanaki, wasu ma tun kafin su fitar da ganye ko ɗaya.

Gaggawar tana da dalili. A wannan lokacin ciyawa ba ta tashi ba, wuta ta share tsohuwar, ƙasa a fili take. Ƙudan zuma da sauran ƙwari suna hango fure daga nesa, rana tana kaiwa har ƙasa, iri kuma zai nuna ya zube yayin da sauran watannin ruwa suke gabansa. Bayan sati shida ko takwas ciyawa ta kai ƙugu, wanda bai yi fure ba ya makara. Mai zuwa a watan Agusta zai bi ta kan wurin da dubban furanni suka buɗe a watan Mayu, bai san an yi ba.

To wace rana ce za a tafi?

Ruwa ne yake sa ranar, ba mu ba. A yawancin shekaru tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Yuni ne. Mukan jira a yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda manomi zai fita shuka, sannan mutum ɗaya ko biyu su je su duba tare da ɗan jagora. Idan suka dawo da labari mai daɗi sai a sanar, galibi saura kwana huɗu ko biyar. Asabar muke zaɓa, don kada ta ci karo da Juma'a ko Lahadi. Masu zuwa daga Kaduna, Abuja ko Kano su yi haƙuri da wannan gajeren wa'adi. Sa rana tun wata biyu kafin lokaci ya fi sauƙi ga kowa, amma sai a zo a tarar da ƙasa busasshiya.

Waɗanne furanni ne ake sa ran gani?

Na farko a zuciyar yawancinmu shi ne takalmin zomo, wanda wasu ke kira tabarmar zomo, masana kuma suke ce masa Costus spectabilis. Shi ne furen ƙasa na Najeriya, shi ne a ƙasan tambarin gwamnati, a cikin ciyawar da dawakan nan biyu suke tsaye a kai. A zanen ja ake yi masa, amma a daji rawaya ne shar, mai ɗan sirkin ruwan lemu. Ba shi da kara. Ganye huɗu ne masu faɗi da kauri, kwance a ƙasa suna fuskantar kusurwa huɗu, bakinsu da ɗan jan zare, furen kuma ya fito daga tsakiyarsu. Idan ka durƙusa da sassafe za ka ga raɓa ta taru a inda ganyen suka haɗu, leɓen furen kuma a tattare yake, siriri har haske yana ratsa shi. Kowane fure kwana ɗaya yake yi, gobe wani ya buɗe. Abin yana taɓa zuciya ka ga dattijo da ya shekara sittin yana riƙe da fasfo da takardun gwamnati masu ɗauke da wannan fure, yau ne ya fara ganinsa da rai.

Sai jan furen nan mai kamar dunƙulen wuta, Scadoxus multiflorus. A inuwar dutse ko gindin bishiya yake fitowa, kan kara guda mai ɗigo-ɗigo. Abin da ido yake ɗauka fure ɗaya ne, ƙananan furanni ne fiye da ɗari a cure, kowanne da siraran zare ja masu ɗigon rawaya a baki. Sau ɗaya yake yi a shekara, kuma bai cika wuce sati biyu ba. Mutane da yawa suna haɗa shi da danginsa Crinum su kira su duka albasar kwaɗi. Shi Crinum fari ne mai ratsin ja a tsakiyar kowane kunne, kuma ya fi son wuri mai danshi, bakin rafi ko inda ruwa ke kwanciya.

Akwai limniyar kwaɗi, Siphonochilus aethiopicus, dangin citta. Furenta ruwan hoda ne mai duhu zuwa shunayya, da tabon rawaya a maƙogwaro, yana fitowa kai tsaye daga ƙasa kafin ganye. Yana da ƙamshi, kuma taushinsa ya kai idan yatsa ya goge shi sai wurin ya yi baƙi. Hatsin manoma, wato Pancratium, fari ne fat, da yamma yake buɗewa ya kwana, da hantsi ya yi yaushi, domin wani ƙwaro mai dogon baki da ke yawon dare ne yake yi masa barbara. Wanda yake son ganinsa a tsaye sai ya yi sammako.

A fili mai ciyawa kuma mukan nemi furannin okid (orchid a Turance) na ƙasa, musamman dangin Eulophia, masu dogon kara da furanni ruwan shunayya a jere, babu ganye ko ɗaya a jikinsu a wannan lokaci. Doyar kurege tana leƙowa da ƙaramin fure rawaya daf da ƙasa. Rawaya, wadda ake tonon saiwarta don rini da sa wa abinci launi, ita tun da rani take fure a inda wuta ta ci, sai dai mukan tarar da ragowarta.

Za ku ba ni tabbacin zan ga dukkansu?

A'a. Ko a shekara mai albarka ba sa buɗewa rana ɗaya. Wanda ya ga uku ko huɗu daga cikinsu a tafiya guda ya yi sa'a.

Ai Jos cike take da furanni a bakin titi. Mene ne bambancin?

Yawancin waɗanda ido ya saba da su baƙi ne. Dogon furen nan rawaya da ke cika bakin hanya da kaka, daga Meziko aka kawo shi. Jakaranda mai shuɗin fure a tsofaffin unguwanni daga Kudancin Amurka take. Bishiyar turare da aka dasa a filayen da haƙar kuza ta lalata, daga Ostareliya. Lantana, wannan ƙayar mai ƙananan furanni kala-kala da warin ganye, ita ma baƙuwa ce daga yankin Amurka, kuma ita ce ta fi damunmu. Tsuntsaye suna cin 'ya'yanta su watsa irin, ta yi sarƙaƙiya a gindin duwatsu, ta tare hasken da 'yan ƙasa suke buƙata. Masu bincike a dajin Amurum, kusa da Jos, sun daɗe suna nazarin yadda take mamaye wuri. Ba laifi ba ne mutum ya so furen bakin titi. Amma shi za ka same shi a Nairobi, ka same shi a Indiya. Waɗanda muke hawa dominsu, nan ne gidansu tun kafin a kafa Jos.

Zan iya tsinko ɗaya, ko in tono albasar in dasa a gida?

A'a, kuma wannan ita ce dokar da ba ma sassauci a kanta. Wanda ya zo da wuƙa ko 'yar fartanya za mu roƙe shi ya bar ta a mota.

Tsinka fure ɗaya kamar ba komai ba ne, sai dai wannan furen shi ne damar tsiron ta yin iri a duk shekarar. Ka cire shi, ya kashe abin da ya tara a banza, sai baɗi. Kafin ka sauko daga dutsen ma ya riga ya yi laushi a hannunka.

Tono ya fi muni. Albasar da za ka cire cikin minti biyu ta ɗauki shekaru kafin ta kai girman yin fure. Okid kuwa lamarinsa ya fi haka wuya. Irinsa gari ne, iska ke ɗaukarsa, kuma babu abincin ko kwana ɗaya a cikin ƙwayar. Ba zai tsira ba sai ya faɗa a inda wani irin naman gwari mai siraran zare yake cikin ƙasa, wanda zai shiga jikinsa ya ciyar da shi. Cikin dubban ƙwayoyi 'yan kaɗan ne suke dacewa da wannan. Idan ka tono shi ka sa a tukunya da ƙasar lambu, ka raba shi da ƙasar da ta raine shi, ga ban ruwa da rani lokacin da ya kamata ya huta a bushe. Yawanci yakan yi fure sau ɗaya da ragowar ƙarfinsa, sannan ya ruɓe. Kai ba ka samu ba, dutsen kuma ya rasa.

An ga inda wannan hanya take kaiwa. A Zambiya ana yin wani abinci da saiwar okid da gyaɗa, ana ce masa cikanda. Da kasuwarsa ta buɗe sai aka riƙa tono ana ƙetarowa da shi daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, har abin ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka mai da tudun Kitulo gandun ƙasa a 2005, musamman don kare furanninsa. Limniyar kwaɗi kuma, a Afirka ta Kudu an tone ta don magani har ta kusa ƙarewa a daji, shi ya sa a 2016 aka sa ta ƙasashen kudancin Afirka huɗu cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES take sa ido kan cinikinsu. Mu tamu tana nan tukuna, kuma tana fama da abin da ya ishe ta: fasa dutse, gine-gine da ke hawowa gangare, sarar itace, kiwo da wuta a kan kari ɗaya kowace shekara. Bai kamata masu cewa suna ƙaunarta su ƙara mata ba.

Amma ai iyaye da kakanni suna magani da waɗannan tsirrai. Kuna hana masu magani ne?

Ba mu da ikon hana kowa a ƙasarsa, ba ma kuma neman wannan iko. Tsohon mai magani da ya san wurin yakan ɗebi kaɗan ya mayar da ƙasa, ya bar uwa, don ya san baɗi zai dawo. Mai cika buhu ya kai kasuwa shi ne abin tsoro. Dokarmu a kan 'yan ayarinmu take, domin mu baƙi ne, kallo ya kawo mu. Kuma mun fi kowa amfana da irin waɗannan dattawa. Likitan nan J. M. Dalziel da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, a bakin manoma da mahalba da masu magani ya ji su. Idan muka haɗu da tsoho a hanya mukan tsaya mu ce, "Sannu Baba, wannan fa yaya kuke kiransa, me yake yi?" A riƙa rubuta amsar, har da sunan da yake da shi a Izere, harshen masu wurin.

Akwai masu dafi a cikinsu?

Akwai, kuma kyawawan ne. Albasar jan furen nan, Scadoxus, guba ce, an sha haɗa ta cikin dafin kibiya a wurare da dama na Afirka. Baurera, mai hawa kan itatuwa da fure ja da rawaya, wadda take fitowa can cikin damina, duk jikinta guba ne, saiwarta ta fi, ga ta da kama da ƙaramar doya, kuma ta kashe mutane a ƙasashen da aka ci ta bisa kuskure. Kada a sa komai a baki. A kula da tinya da ke tsirowa a kan duwatsu, da ƙerana da ake shingen gona da ita: farin ruwansu yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa sai an wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi asibiti. Wanda ya dafa su bisa kuskure kada ya shafa fuska.

Ban taɓa hawan dutse ba, kuma ba yaro ba ne ni. Zan iya?

Idan kana iya tafiyar awa biyu a ƙasa, ka hau bene hawa uku ba ka tsaya ba, za ka iya yawancin hanyar. Ba ma amfani da igiya. Akwai wuraren da sai an dafa da hannu, akwai falalen dutse mai santsi idan ya jiƙe, saukowa kuma ta fi hawa cin gwiwa. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko ciwon suga ya tuntuɓi likitansa, ya zo da maganinsa, ya kuma faɗa wa shugaban tafiya a keɓe. Da yawa daga cikin furannin a ƙasan gangare suke, don haka mukan bar mutum ɗaya tare da masu son tsayawa a nan.

Mata suna zuwa sosai, kuma sau da yawa su ne masu idon gano ƙananan. Mai sa hijabi ta zaɓi wanda bai wuce gwiwa ba, da wando mai kauri a ciki, don dogon hijabi da zani suna kama ƙaya, suna kuma rufe wa mutum inda zai sa ƙafa. Yara daga shekara goma, kowanne da babban da zai riƙe shi.

Me zan ɗauko?

Takalmi mai rufi da ƙasa mai kama dutse, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Silifa da sabon takalmi duka a bar su a gida. Dogon wando da safa, hula ko malafa, rigar ruwa, da 'yar rigar sanyi, domin iskar sama daban take da ta gari. Ruwan sha lita biyu a gora, ba a leda ba. Abinci mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, ayaba. Sanda tana taimako wajen saukowa. Jakar baya ta fi ta hannu, don hannu biyu su zama a sake. A zo da leda guda ta kwashe shara, har ɓawon ayaba da na ƙwai. Turare mai ƙarfi a haƙura da shi ranar, saboda zuma.

Idan hadari ya taso muna sama fa?

Wannan ya fi maciji ba mu tsoro. Ruwan farkon damina a Jos da iska da tsawa yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma ya fi saukowa daga azahar zuwa yamma. Shi ya sa muke fara hawa da fitowar rana, mu juyo kafin sha biyu ko da sama tana garau. Idan aka ga walƙiya aka ji tsawa kafin a ƙirga talatin, hadarin yana cikin kilomita goma, ya isa ya kai gare mu. A bar ƙololuwa da falalen dutse nan da nan, kada a fake gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai ko bakin ƙaramin kogo, kada kuma a cure wuri ɗaya. Ba a komawa sama sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. Kwazazzabo busasshe yakan cika cikin mintoci, kada a bi ta cikinsa don gajarta hanya. Idan shugaban tafiya ya ce a juya, an gama magana, ko da fure yana gabanka taku goma.

Macizai fa?

Suna nan, kuma ruwan fari yana fito da su. Akwai kasa, akwai gamsheƙa, kububuwa kuma ta fi yawa a gangaren kudancin jihar Filato, wajen Langtang. Wasu sukan kauce tun daga jin takun mutane, amma kasa takan kwanta shiru a inda take. Haɗarin mai kallon fure shi ne durƙuso da sa hannu, don haka a duba wuri, a taɓa da sanda, sannan a sa gwiwa. Kada a zura hannu a tsagar dutse, kada a ɗaga dutse.

Idan tsautsayi ya faɗa, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, ba a tsaya neman maganin gargajiya. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum zai ce ya ji sauƙi alhali jini yana zuba a ciki. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana nan Lamingo, kusa da gindin duwatsun, kuma kullum mukan bar mota da direba a ƙasa.

Yaya batun tsaro, kuma sai an nemi izini?

Kowa ya san Filato ta sha rikici, ba za mu ɓoye wannan ba. Ba ma hawa sai da ɗan jagora ɗan wurin, sai kuma mai unguwa ya san da zuwanmu da yawanmu da lokacin saukowarmu. Idan mutanen gari suka ce yau ba ranar hawa ba ce, ba ma neman dalili, mukan ɗage. Haka in gari ya ɗauki zafi ko an sa dokar hana fita.

Dutsen da kake gani kamar ba na kowa ba, yana da masu shi. Yankin na Afizere ne, waɗanda Hausawa suka fi sani da Jarawa, kuma akwai kurmi da duwatsun da al'adarsu ta keɓe, baƙo ba ya shiga. Irin wannan keɓewar ce ta tsare bishiyoyi da tsirrai da yawa da yanzu muke zuwa kallo, don haka mu ne ya fi kamata mu girmama ta. A gaishe da duk wanda aka tarar, manomi ne ko makiyayi: "Sannu da aiki, Mama", "Sannu Baba, yaya gona?" A bi gefen gona, domin lokacin shuka ne, kuma acca da ta fara tsira ba ta da bambanci da ciyawa a idon baƙo. Kada a ɗauki hoton mutum ko gidansa sai ya yarda.

Za a samu damar yin salla?

Za a samu. Galibi azahar tana riskarmu mun sauko ko muna dab da sauka. A ƙaro ɗan ruwa don alwala, a yi ta nesa da inda furanni suke. Ayarinmu Musulmi da Kirista ne, kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Zan iya ɗaukar hoto in sa a Facebook?

Sosai ma, waya ta isa. A durƙusa a kan dutse ko ƙasa fili, a duba bayan ƙafa kafin a ja da baya, domin an fi tattake fure wajen ɗaukar hoton wani furen. Kada a cire ganye ko a lanƙwasa kara don hoto ya yi kyau. A ɗauki furen daga sama da gefe, a ɗauki ganye da wurin da ya tsira, wannan ne zai taimaka wa masani ya gane shi.

Abu ɗaya muke roƙo: kada a bayyana takamaiman wurin. A ce "duwatsun Shere" ya wadatar. A kashe alamar wuri a kyamarar waya kafin a fara. Masu sa hotuna a manhajar iNaturalist, wadda muke ƙarfafa amfani da ita don masana suna duba abin da aka sa, su zaɓi ɓoye wurin, musamman ga okid. Hoto mai ɗauke da taswira jagora ne ga mai fartanya.

Me ya sa kuke ƙayyade yawan mutane? Mu ashirin ne daga makarantarmu.

Ba ma wuce mutum goma sha biyu a ayari guda. Fure ɗaya mutum uku ne za su iya kewaye shi, sauran suna jira, masu jira kuma su ne suke fita daga hanya su tattake abin da bai buɗe ba tukuna. Ƙasa jiƙaƙƙiya idan ƙafa arba'in ta bi ta kanta takan daddale. Makaranta ko ƙungiya ta raba mutanenta gida biyu, ko a rana biyu, ko a hanya biyu, kowane rukuni da jagoransa da malaminsa.

Nawa ake biya?

Karo-karo ne, ba riba. Ana haɗa kuɗin mota, haƙƙin ɗan jagora, da ɗan abin gaisuwa ga masu gari, a raba daidai, a faɗa wa kowa kafin ranar. Haƙƙin jagora ba ma neman ragi a kansa. Saurayin da ya ga cewa sanin inda fure yake yana kawo masa abin sa wa a aljihu kowace shekara, shi ne zai fara hana a tone shi.

Idan wannan ta wuce ni, sai baɗi ke nan?

Na farkon damina kam sai baɗi, amma dutsen bai rufe ba. Daga Yuli zuwa Satumba baurera takan hau kan ƙananan itatuwa da ƙugiyar da ke bakin ganyenta, furenta ja da rawaya a murɗe yana kallon ƙasa. Rumana ma, wato Gladiolus, lokacinta ke nan, da wasu okid masu fararen furanni da koraye a wurare masu danshi. Sai dai ciyawa ta yi tsawo, duwatsu sun yi gansakuka, hazo yana rufe hanya, don haka tafiyar takan tsaya a gangare.

Wanda hawa ya yi masa nauyi ya nemi ziyartar dajin Amurum a Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Hekta 300 ne ko kusa da haka, duwatsu da kurmin bakin rafi da fili, kuma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga. A nan ake zuwa ganin wani ƙaramin jan tsuntsun duwatsu da masana ba su bayyana shi a rubuce ba sai 1998. Wurin bincike ne, ba wurin shaƙatawa ba, don haka a tuntuɓi cibiyar tun kafin ranar, a kuma bi hanyoyin da suka nuna.